Labarin Zuciya A Tambayi Fuska: Ciwon Damuwa Ga Tsohon Da Ya Ruɗe

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicce mu cikin rauni, ya ba mu ƙarfi, sa'an nan ya mayar da mu ga rauni da furfura. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi mutumin nan da ke zaune a ɗakin da ke can ƙuryar gida. Wataƙila mahaifiyarki ce, ko uwar mijinki, ko mahaifinsa, ko wata Gwaggo da ba ta da kowa sai ku. Shekaru sun ja, tunani ya fara tafiya, tana tambayar abu guda sau goma, tana kiran jikanta da sunan ƙanenta da ya rasu shekara 40 da suka wuce. Mu a nan Gwandu da Kalgo da kewaye sai mu ce "ai ta ruɗe", ko "gigin tsufa ne", shi ke nan mu rufe magana. To akwai wani ciwo na daban da yakan shigo ya laɓe a bayan wannan ruɗewa, shi ne ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai nauyi da ke danne zuciya ya ƙi ɗagawa. Tsohon da ya ruɗe ba ya iya ba da labarinsa. Idan ba ke kika gano shi ba, da wuya wani ya gano, domin ke ce ke kai abinci, ke ce ke ɗauko kwano, ke ce ke jin motsinta da tsakar dare.

MENE NE GIGIN TSUFA?

Allah (SWT) ya ba mu labarin wannan hali tun kafin likitoci su sa masa suna. A cikin Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, ya bayyana cewa daga cikinmu akwai wanda ake jinkirta wa har ya kai mafi ƙasƙancin shekaru, ya wayi gari abin da ya sani a da duk ya kuɓuce masa. Manzon Allah (SAW) ma yana neman tsari daga kaiwa wannan matsayi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Likitoci sun ce ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama da shi, nau'in da ake kira Alzaima ne ke damun su, wasu kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ne suka lalata hanyoyin jinin ƙwaƙwalwarsu. Ba kowane tsoho ne ke kamuwa ba, shi ya sa za ki ga mai shekara 90 da hankalinsa garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke da shi a duniya, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Hukumar ta kuma ce kusan kashi 70 cikin ɗari na lokacin da ake ɓatawa wajen jinyar waɗannan bayin Allah, mata ne ke ba da shi. A Zariya, wani bincike da likitoci suka wallafa a 2011 ya sami kusan mutum 3 cikin kowane tsoho 100 da wannan lalura. Kin ga ke nan ba ciwon Turawa ba ne, yana nan cikin gidajenmu, kuma a wuyanmu mata jinyarsa take.

Abin takaici, har yanzu akwai inda idan tsohuwa ta fita cikin dare tana surutai, sai a ce mayya ce, ko an yi mata asiri. Ya 'yar'uwa, ki ji tsoron Allah, ki tsare harshenki daga wannan ƙazafi. Mara lafiya ce.

DARASI DAGA GIDAN ANNABI YAƘUBA (AS)

Ki buɗe Suratu Yusuf ki karanta daga aya ta 84 zuwa ta 96 da natsuwa. Ga dattijo, Annabin Allah, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya yi masa nauyi har idanunsa suka yi fari. Me mutanen gidansa suka yi? Suka shiga yi masa faɗa cewa ba zai bar ambaton Yusufa ba sai ya halaka kansa. Da ayari ya baro Masar, ya ce yana jin ƙanshin Yusufa, amma tun kafin ya rufe baki ya san za a ce tsufa ne ya taɓa masa hankali. Haka kuwa aka yi, waɗanda ke wurin suka rantse cewa yana nan cikin tsohon kuskurensa. Alhali gaskiya ya faɗa.

Annabawa Allah ya tsare musu hankulansu, Annabi Yaƙuba bai ruɗe ba. Amma dubi halin 'yan Adam: da zarar tsoho ya yi kuka ko ya faɗi abin da ba mu fahimta ba, amsarmu a shirye take, "tsufa ne". Idan an yi wa Annabi mai cikakken hankali haka, ina ga Inna da kowa ya riga ya san ta ruɗe? Duk abin da ta yi, a kan ruɗewa za a ɗora. Ta ƙi cin abinci, ruɗewa. Ta yi kuka, ruɗewa. Ta ce gara ta mutu, a yi dariya a ce rigimar tsufa.

Yanzu kwatanta da abin da Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar (RA) suka yi. Muslim ya ruwaito cewa bayan wafatin Manzon Allah (SAW) sun tafi ziyarar Ummu Aimana, dattijuwar da ta yi renonsa, domin ya kasance yana ziyartarta. Da suka isa sai ta fashe da kuka. Ba su tashi suka tafi ba, sai suka tambaye ta abin da ya sa ta kuka. Ta gaya musu cewa yankewar wahayi daga sama ne ya sa ta kuka, sai su ma suka zauna suna kuka tare da ita. Sun je, sun tambaya, sun saurara, sun taya ta. Wannan ita ce sunnar da muke son rayawa.

DAMUWA CIWO CE, BA RAUNIN IMANI BA

Sau da yawa a aji idan aka zo wannan magana, sai wata ta ce, "Malama, ai mumini ba ya shiga damuwa." Wa ya fi Annabi Yaƙuba imani a zamaninsa? Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta 10 bayan aiko Manzo (SAW), malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Kuma Manzon Allah (SAW) yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ba a neman tsari daga abin da babu shi.

Magabatanmu sun ɗauki wannan abu a matsayin ciwo. Abu Zaidin al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, a littafinsa kan gyaran jikuna da rayuka ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, ya hana shi walwala da jin daɗin komai. Na biyun ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar magani. Kafinsa kaɗan, a birnin Ƙairawan, garin mai Risala da muke karantawa a makarantunmu, likita Ishaƙ bin Imrana ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ciwo. Wannan fa fiye da shekara dubu ke nan.

A ƙasarmu, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa na Ibadan sun wallafa bincike a 2007 kan tsofaffi 2,152 'yan shekara 65 zuwa sama a yankin Yarbawa. Sun sami kimanin 7 cikin 100 da ciwon damuwa mai tsanani a cikin shekarar da ta gabaci binciken, kimanin 26 cikin 100 kuma sun taɓa yin sa a rayuwarsu, kuma waɗanda suka sami wani magani ba su kai rabi ba.

Ki riƙe wannan hadisi na Usamatu bin Sharik wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Ƙauyawa sun tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani, ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa kowace cuta Allah ya sanya mata magani in ban da guda ɗaya, ita ce tsufa. To tsufa ba shi da magani, gigin tsufa ma har yau likitoci ba su da abin da ke warkar da shi. Amma damuwar da ta hau kansa tana jin magani. Idan muka haɗa su muka kira su duka "tsufa", mun hana baiwar Allah sauƙin da Allah ya saukar mata.

ME YA SA CIWON KE ƁUYA?

Dalili na farko, tarbiyyarmu. Je ki gaida kowace tsohuwa a Gwandu, ko tana kan gargara, ki ce "Inna ya jiki?" Amsa ɗaya ce: "Lahiya lau, alhamdu lillahi." Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce, godiya ce ga Allah. Sai dai ba ita ce rahoton lafiyarta ba. Iyayenmu suna ganin faɗin damuwa kamar kai ƙarar Ubangiji ne, ga kuma kunya da kawaici, musamman a gidajen Fulani, balle a gaban suruka.

Na biyu, harshe. Tsohonmu ba zai ce "ina da ciwon damuwa" ba. Zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko zuciyarsa na ƙuna, ko jikinsa ya mutu, ko wani abu na yawo a kansa. Sai a yi ta sayen maganin shawara da na gyambon ciki. Likitocin ƙasashen Larabawa sun daɗe da lura da irin wannan ga mutanensu, mara lafiya ya zo yana kukan ƙuncin ƙirji da ciwon gaɓoɓi alhali zuciya ce ke ciwo. Akwai wasu tambayoyi da aka tsara a Amurka a 1982 don gano damuwa ga tsofaffi, guda 30, aka taƙaita su zuwa 15 a 1986, amsarsu "i" ko "a'a". Sai da masana a Bairut ta ƙasar Labanan suka mayar da su Larabci, suka gwada su a kan tsofaffinsu, suka wallafa sakamakon a 2008, domin tambayar da ba ta shiga harshen mutum da al'adarsa ba, ba ta fito da abin da ke zuciyarsa. Mu ma a ƙasar Kabi muna da namu: tsohuwar da ta yi shekara 60 tana Hausa, idan ruɗewa ta yi nisa takan koma Fulatanci ko Zabarmancin da ta tashi da shi. Idan babu mai jin harshen a kusa, ta zama baƙuwa a gidan ɗanta.

Na uku, shi kansa gigin. Idan ka tambayi mutum yadda ya kwana a mako biyun da suka wuce, sai yana tuna mako biyun. Wanda ya manta ko ya karya kumallo fa? Shi ya sa waɗancan tambayoyi na "i" ko "a'a" suke rage amfani idan ruɗewa ta yi zurfi.

SHAIDARKI ITA CE MA'AUNI

Saboda wannan matsala, a 1988 likita Alexopoulos da abokan aikinsa a Jami'ar Cornell ta Amurka suka fito da wani ma'auni na musamman don tsofaffin da suka ruɗe, wanda shi ma daga baya aka mayar da shi Larabci. Hikimarsa ita ce, likita zai fara zama da mai jinya ya tambaye ta abin da ta gani a makon da ya wuce, sa'an nan ya zauna da mara lafiyar ya duba da idonsa. Abubuwa 19 ake dubawa, kowanne a ba shi maki 0 ko 1 ko 2, idan jimla ta haura 10 ana kyautata zaton akwai ciwon damuwa mai ƙarfi. Lissafin makin aikin likita ne. Amma kin ga abin da ake lissafawa daga bakinki zai fito. Hausawa sun riga sun faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska.

Ga abubuwan da za ki sa wa ido, kashi biyar:

1. Yanayin rai. Fuskarta a murtuke take kullum? Tana hawaye ba dalili? Tana cikin fargaba? Babbar alama ita ce ta daina farin ciki da abin da ke faranta mata. A da idan jikanta ya dawo daga ci-rani ko an kawo mata jariri, fuska takan washe ko ba ta gane ko wane ne ba. Yanzu ko kallo bai ishe ta ba.

2. Motsi da ɗabi'a. Ko dai ta kasa zama wuri ɗaya, tana murza hannu, tana jan zane, ko kuma komai nata ya yi sanyi, magana da ƙyar, tafiya da ƙyar. Ta bar ɓarar gyaɗa ko saƙar faifan da take yi, ta bar sauraren rediyo, kuma barin ya zo ne a ɗan lokaci, cikin makonni.

3. Jiki. Kwano yana dawowa yadda aka kai shi. Furar da ba ta wuce ta, yanzu sai "ƙyale ni, ba ni so." Zane ya fara yi mata yawa, awarwaro na zamewa daga hannu. Ɗan motsi kaɗan ta gaji.

4. Barci da lokuta. Ba ta samun barci da wuri, ko tana farkawa sau da yawa, ko ta farka tun kafin kiran assalatu fiye da yadda ta saba ta kasa komawa. Ki lura ko abin ya fi tsanani da safe ya ɗan sassauta da yamma.

5. Maganganu. "Na zame muku kaya." "Ba ni da amfani." "Allah ba zai gafarta mini ba." "Da ma in mutu in huta." Akwai bambanci tsakanin tsohon da ke ambaton mutuwa cikin natsuwa yana fatan cikawa da imani, da wanda ke kiranta cikin ƙunci da yanke ƙauna. Idan har ta fara maganar cutar da kanta, ko ta ƙi ci da sha gaba ɗaya, wannan ba abin jira ba ne, ranar za a tafi asibiti, kuma a kawar da magunguna da maganin ƙwari da wuƙaƙe daga inda take.

Shawarata, ki samu ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kullum bayan isha'i ki rubuta layi uku, da boko ko da ajami: me ta ci, yaya ta kwana, me ta faɗa ko ta yi. In ba ki rubutu, 'yarki ta rubuta miki. Mako biyu kawai. Wata baiwar Allah da ke zuwa karatu wurinmu ta yi haka ga uwar mijinta, sai ga shi a rubuce ƙarara cewa ƙin cin abincin ya fara ne a makon da aka aurar da jikanyar da ke kwana ɗakinta. Kowa a gidan ya ga ramar, babu wanda ya haɗa ta da tafiyar yarinyar sai da aka duba littafi.

Ki sani wannan shaida ce, kuma Allah ya hana ɓoye shaida a ƙarshen Suratul Baƙara. Kada ki rage don kada a ce ba ki kula da ita, kada ki ƙara don haushin abin da ta taɓa yi miki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

ABUBUWA UKU KADA KI CAKUƊA SU

Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ciwon damuwa yakan bayyana cikin makonni, sau da yawa bayan wani abu ya faru: rasuwar miji ko aminiya, sauya ɗaki, ɗauko ta daga ƙauye zuwa birni. Na ukun shi ne rikicewar farat ɗaya: jiya lafiya lau, yau ba ta san inda take ba, tana gane-gane, ko barci ya danne ta. Wannan galibi wani ciwo ne a jiki, kamar zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, ciwon huhu, faɗuwar suga, ko ƙarancin ruwa a jiki, musamman a zafin bazara na watan Maris zuwa Mayu da muka sani a nan. Gaggawa yake so.

Wani abin lura kuma: ciwon damuwa shi kaɗai yakan sa tsoho mantuwa da shiru har a zaci ya ruɗe, alhali bai ruɗe ba. Irin wannan yakan yi ta kukan cewa ya zama mai mantuwa, in an tambaye shi abu ya ce "ban sani ba" ba tare da ya gwada ba. Mai gigi na gaskiya kuwa sau da yawa ƙoƙarin rufewa yake yi, ya ba da amsa ko ba daidai ba. Wanda damuwa ce ta rufe shi, in aka yi magani hankalinsa na iya dawowa. Dubi girman asarar idan aka bar shi a ɗaki shekara da shekaru da sunan ya ruɗe.

INA ZA A NUFA?

A fara da asibiti mafi kusa, babban asibitin Gwandu ko na Kalgo, ko Asibitin Sir Yahaya da asibitin tarayya da ke Birnin Kebbi. A auna jini da suga, a duba ido da kunne da haƙori, domin tsohon da ba ya ji, ba ya gani, ko haƙori na masa ciwo bai iya faɗa ba, dole ya janye daga mutane. Idan ana buƙatar ƙwararru, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta Jihar Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne. Tun watan Janairun 2023 ƙasar nan take da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar wa masu irin wannan lalura haƙƙinsu na mutunci da kulawa. Ki tafi da littafinki da duk magungunan da take sha, har na gargajiya. Wadda ta fi zama da ita ita ya kamata ta shiga wurin likita, ba wanda ya fi kowa girma a gida ba.

Ina gargaɗinki da sayen maganin barci a kemis don tsohuwa ta yi shiru a huta. Yana ƙara ruɗewa, yana jawo faɗuwa da karaya. Ko maganin damuwa na asibiti, likita ne zai auna ko ya dace. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila aka wallafa a 2011 ya nuna cewa biyu daga cikin sanannun magungunan damuwa ba su yi wa masu gigin tsufa aikin da ake zato ba. Wani nazari kuma na 2021 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa abubuwa irin su motsa jiki tare da zama cikin mutane, da tausa, da tuna wa mutum labarin da, da ba shi abin da zai motsa tunaninsa, suna rage alamun damuwa ga waɗannan tsofaffi, wasunsu ma fiye da ƙwaya. Subhanallah! Ashe babban rabo na maganin yana cikin gida.

ABIN DA KE HANNUNKI

Fito da ita daga ɗaki. A shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi, inda za ta ga yara ta ji ƙarar turmi. Ba ta aikin da hannunta ya sani, tsintar shinkafa, gyaran zogale, ko da za ki sake yi a bayanta. Tambaye ta labarin da: yadda aka yi bikinta, yadda ake tafiya kasuwa a ƙafa, shekarar da aka yi yunwa. Tsohon tunani ya fi sabo daɗewa. Za ki sha mamaki, wadda ta manta sunanki ta kawo miki surorin da ta haddace tana yarinya, ko waƙoƙin wa'azin da ta koya a wurin iyayenta. Ku karanta tare. Shafa mata mai a ƙafa, ki yi mata kitso, ki sa mata lalle. In ta kira ki da sunan wata, amsa. In ta tambayi mijinta da ya rasu, kada ki sabunta mata mutuwar kullum, ki ce "ba ni labarinsa, Inna."

Nana A'isha (RA) ta kasance idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce a sha, domin ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Uwar muminai ba ta tsaya ga cewa "a yi haƙuri" ba, ta haɗa da abin da za a sa a ciki. Ke ma dama kunu mai ɗumi, ki zauna ku sha tare. Tsoho ya fi cin abinci idan da abokin ci.

A yi mata addu'a da ruƙiyya ta shari'a, a kuma kai ta asibiti, babu karo tsakaninsu. Game da ibada, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Idan ta yi azahar raka'a 7, ko ta sha ruwa da rana a Ramadan don ta manta, kada a tsawata mata, kada a ce ta yi saɓo. Tsoratar da mai ciwon damuwa da wuta ƙarin ciwo ne. A tuna mata da rahamar Allah. Tafsilin hukuncin azumi da ciyarwa kuma a koma ga malamai, gwargwadon halin da take ciki.

KE MA KINA DA HAƘƘI

Na san abin da ke ranki: "Malama, ni fa? Ga yara, ga girki, ga wankin ƙazanta, ga zagi, wani lokaci har ta ce na sace mata kuɗi." Gaskiya ne, jinyar nan tana da nauyi, kuma masu yin ta su ma ciwon damuwa yakan kama su. Zargin sata da zagi daga ciwon suke, kada ki ɗauke su zuwa zuciya. Idan ke ma barci ya ƙaurace miki, kina kuka a ɓoye, komai ya fita ranki, ki faɗa, ki nemi taimako.

Ki karanta wa maigida wannan sashe cikin ladabi. Umarnin da ke Suratul Isra'i aya ta 23 da 24, na kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka da hana ko da nuna ƙosawa, a kan ɗansu ya fara sauka. Abin da matarka ke yi wa mahaifiyarka ihsani ne da neman lada, ka gode mata, ka sauƙaƙa mata. Ajiye kuɗin cefane a fita ba ya sauke wannan nauyi. Minti 15 da za ka zauna kusa da mahaifiyarka bayan magariba ka riƙe hannunta, babu wanda zai iya yi a madadinka. Muslim ya ruwaito addu'ar taɓewa ga wanda ya riski iyayensa cikin tsufa amma bai shiga Aljanna ta dalilinsu ba. 'Yan'uwa maza da mata su raba kwanaki, kada a bar wa mace ɗaya.

KIRA GA 'YAN'UWA A ƘUNGIYA

Mu mutanen ƙasar Gwandu muna da gado. A nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance, kuma 'yar ɗan'uwansa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, inda jajis, galibinsu mata masu shekaru, suke ɗaukar ilmi su kai wa mata har cikin ƙauyuka. Dattijan mata ne suka ɗauko mana karatun nan a ka. Bai kamata a ce a ƙasar da tsofaffi mata suka raya ilmi, tsohuwa ta ƙare kwanakinta ita kaɗai tana kallon bango ba.

Kowane reshe da kowane ajin matan aure ya san gidajen da ke da irin waɗannan tsofaffi a unguwarsa. A ware mata biyu biyu su riƙa kai ziyara ko sau ɗaya a mako, da izinin mazajensu. Ɗaya ta zauna da tsohuwa, ɗaya ta karɓi mai jinya ta samu ta yi barcin awa guda. A gayyato ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi mana bayani a taron wata. Wadda ke jin Fulatanci ko Zabarmanci a tura ta inda ake buƙatarta.

Ya 'yar'uwa, yau in kin kai abinci ɗakin nan, kada ki ajiye ki juya. Durƙusa, ki dubi fuskar, ki tambaya, ki jira amsa ko ta daɗe. Abin da kika gani ki riƙe shi amana ki isar da shi inda za a yi magani.

Allah ya jiƙan iyayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Allah ya yaye wa marasa lafiyarmu, ya sanya haƙurin masu jinya a mizani, ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu da hankalinmu muddin muna raye, ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.